Rabe-raben Masu Jira a Kan Iyakar Jibiya

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta nufi Maraɗi, kuma a Magama, 'yar tazara kaɗan daga garin, ofishin kan iyaka yake, inda jami'an shige da fice da na kwastan da na kiwon lafiya suke tsayar da mai niyyar ƙetarewa, kafin ya ƙarasa Ɗan Isa, ƙofar Jamhuriyar Nijar ta wannan ɓangare, inda 'yan sanda da jandarmomi da ma'aikatan duwan, wato kwastan ɗin can, suke sake tsayar da shi. Iyakar yarinya ce idan aka gwada shekarunta da na zumuncin da ta ratsa, domin Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, alhali Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, abin da ya sa har yau sarkin can yake amsa sunan Sarkin Katsina. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a 1979, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, kuma daga wannan sharaɗi na riƙe takarda ne mafi yawan jiran da za a yi bayani a nan ya samo asali.

Jiran iri uku ne. Akwai jiran takarda, wato fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, wanda Bajibiye yake zuwa Katsina ya yi, tunda ba a buga fasfo a Jibiya. Akwai jiran hatimi, wanda ake yi a gaban teburin jami'i a Magama ko a Ɗan Isa. Sannan akwai jiran iyakar kanta, wadda makullinta ɗaya yake Abuja ɗaya kuma yake Yamai. Mutanen wannan yanki ba baƙin haƙuri ba ne, kuma da za a ce da su wata shida za su jira, a kuma cika, da ba a ji ƙorafinsu ba. Abin da yake wahalar da su shi ne jiran da ba a yanka masa rana ba. Tunda kuwa ɗan Adam ba ya iya zama babu ranar da yake sa rai da ita, kowane mai jira yakan samo abin da zai cike gurbin wadda hukuma ba ta ba shi ba, kuma da irin abin cikon da kowa ya zaɓa ne ake iya rarrabe su.

Mafi sauƙin ganewa shi ne mai lissafi, mutumin da ya ji sanarwar gwamnati a rediyo ya kuma gaskata ta. A 2021, zamanin da Rauf Aregbesola yake ministan harkokin cikin gida, an shelanta cewa sabon fasfo zai riƙa fitowa cikin mako shida, sabuntawa kuma cikin mako uku, kuma tun daga ranar mai lissafi ya samu abin riƙewa. Yakan dawo daga Katsina bayan an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya sa alama a kalandar da take rataye a shagonsa, ya kuma aika wa abokin cinikinsa na Maraɗi da ranar zuwansa. Idan ranar ta zo ta wuce, lissafinsa yake tuhuma, ya bar sanarwar da mutuncinta: sai ya tuna Asabar da Lahadi ba ranakun aiki ba ne, ya cire su, ya cire hutun Sallah da na Maulidi, ya yi nazari ya ga Juma'a ma rabin yini ce, daga bisani ya gano cewa watakila ba daga ranar biyan kuɗi ake fara ƙirga ba, daga ranar ɗaukar hoto ne, ko ma daga ranar da wani ya ɗaga fayil ɗin ya duba, wadda Allah kaɗai ya san ta. Ta haka mako shida yakan zama wata huɗu ba tare da an saɓa alkawari ko sau ɗaya ba. Da aka sanar a 2023, ƙarƙashin minista Olubunmi Tunji-Ojo, cewa an kammala fasfo fiye da 200,000 da suka taru, cikin 'yan makonni, mai lissafi ya yi murna har cikin zuciyarsa, domin idan nasa ya fito to lissafi ya yi daidai, idan kuma bai fito ba to lalle shi ne na farko a sabon layi. Adalci ne a ce tun daga lokacin jama'a da yawa sun ga sauƙi. Sai dai mai lissafi ya lura da wani abu da masana ba su cika ambata ba, wato kuɗin fasfo shi kam ba ya makara: an ce ƙaramin littafi mai shafi 32 zai koma naira 50,000 ranar 1 ga Satumban 2024, ya koma, an ce zai koma naira 100,000 ranar 1 ga Satumban 2025, ya koma, ba a cire Asabar ba, ba a cire Lahadi ba.

Kusa da shi a benci, amma nesa da shi a ɗabi'a, akwai mai majiya, wanda fagensa shi ne jira na uku. Shi ba ya sauraron sanarwa, domin a ganinsa sanarwa ta talakawa ce. Labarinsa yakan fito ne daga wani ɗan ƙanwar matarsa da yake zaune a Abuja, wanda yake cin abinci wuri ɗaya da direban wani babba. Amsarsa guda ce a kowace shekara, wato Litinin mai zuwa za a buɗe. Tarihin wannan iyaka ya ba shi filin baje koli fiye da yadda ya roƙa. Dattawan masu majiya sun fara sana'ar tun rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta zo daidai da fari, har yunwar lokacin ta samu laƙabi da sunan Buhari a Nijar. Na baya kuwa sun gwada basirarsu ne daga watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, aka bar Jibiya a rufe, kuma mai majiya bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce ai ya faɗa za a buɗe, sunan garin ne kawai ya sauya a hanya tsakanin Abuja da kunnensa. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe Jibiya, bayan an daɗe ana gafara sa ba a ga ƙaho ba. Ba a yi shekara ɗaya da rabi ba sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa. Mafi daɗin kwanakin rayuwarsa su ne na tsakanin 13 ga Maris na 2024, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe ɓangaren Nijeriya, da 22 ga watan, ranar da Nijar ta buɗe nata, domin a cikin waɗannan kwanaki tara iyakar a buɗe take kuma a rufe take, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kuskure ne a ɗauki mai majiya a matsayin maƙaryaci zalla, ko da yake rabin kayansa ƙanzon kurege ne. Mutane suna komawa wurinsa ne saboda shi kaɗai yake ba su rana, kuma ranar ƙarya ta fi kwantar wa mai tirela goma a tsaye hankali fiye da shirun hukuma.

Na uku ya fi su ban tausayi, kuma shi ne mai suna huɗu. Tun da aka wajabta cewa bayanan fasfo su dace da na lambar ɗan ƙasa, wato lambar nan mai alƙaluma 11 da ake kira NIN, mutumin da mahaifinsa ya raɗa masa Muhammadu, malamin firamare ya rubuta masa Mohammed, banki ya mayar da shi Muhammad, unguwa kuma ta san shi da Mamman, ya wayi gari ya tarar shi mutum huɗu ne a idon kwamfuta, kuma kwamfuta mutum ɗaya take ba fasfo. Idan ya yi wani ɓangare na karatunsa a Maraɗi, inda ake rubuta suna da ƙa'idar Faransanci, sai a ƙara masa Mahamadou, ya zama na biyar. Shekarun haihuwa ma haka: takardar rantsuwar kotu ta ce 1 ga Janairu, kamar yadda take cewa ga dubban mutanen da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, tsohuwar takardar can ƙetare ta ce an haife shi wajajen shekara kaza, mahaifiyarsa kuma, wadda ita kaɗai ce shaidar gani da ido, ta ce da damina ne, shekarar da aka yi fara. Wannan bawan Allah bai ma kai ga jiran fasfo ba tukuna. Yana jiran gyara ne a ofishin katin ɗan ƙasa, gyaran kuma yana jiran ya hau na'urar shige da fice, kuma kowane ofishi daga cikin biyun yakan tabbatar masa, cikin ladabi, cewa daga wajensu an gama, saura ɗayan. Abin da yake cike gurbin ranarsa da shi shi ne fotokwafi, har jakar ledarsa ta kai ga yin nauyi, a bisa imanin cewa takardar da ta ƙi aiki tana guda ɗaya za ta yi idan ta zama shida.

Na-san-oga ba ya buƙatar dogon bayani. Ba ya shiga layi, domin yana da lambar wayar wani babban jami'i da suka taɓa haɗuwa a wajen ɗaurin aure, kuma yakan tsaya a gefe, babbar riga a saɓe, waya a kunne, yana duban 'yan layi da tausayi. Oga yana taro, oga ya tafi hedikwata, oga ya shiga masallaci, daga ƙarshe a ji cewa tun watan jiya aka yi wa oga sauyin wurin aiki. Layin kuwa tafiya yake yi, ko da a hankali, ta yadda da la'asar waɗanda ya tausaya wa da hantsi su ne suke yi masa sai anjima.

Dillali, wanda kuma ake kira ejan, ya bambanta da sauran domin shi jiran wasu ne jarinsa. Hajarsa rana ce, kuma yana da ita farashi-farashi: ta mako biyu, ta mako guda, da ta gaggawa, wadda ake faɗin kuɗinta da murya ƙasa-ƙasa. Sirrin sana'ar shi ne cewa takardar da aka cike daidai za ta fito ko da shi ko ba shi, saboda haka aikinsa kamar na mai karɓar kuɗi ne don ya sa a yi ruwa a watan Agusta: idan an yi, shi ya sa, idan an yi jinkiri, abin da aka bayar ne bai kai ba. A Janairun 2024 aka mayar da neman fasfo ta intanet, ta yadda mai nema zai cike fom ya ɗora takardunsa da kansa, kuma ɗaya daga cikin manufofin sauyin shi ne a raba jama'a da dillali. Dillali ya ji sanarwar, ya sayi kwamfuta, ya kama shago. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin fatake da manoma da yawa ba su saba da fom na Turanci a waya ba, kuma yankin da aka taɓa katse wa sabis ɗin waya gaba ɗaya na tsawon watanni daga Satumban 2021, a cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, ba shi ne wurin da mutum zai dogara da intanet ɗin aljihunsa ba. A nan ne ma dillali ya gaji mafi ingancin uzurin zamani, wato babu netwok, uzurin da ya fi na da daraja saboda ba a iya kai shi ƙara wurin kowa.

Akwai kuma Hajiya mai biki, wadda ya kamata a yi nazarinta da girmamawa, domin ita ce kaɗai ba ta taɓa amincewa da abin da aka shata a 1906 ba. Tana tafiya suna a Ɗan Isa, ko biki a Madarunfa, ko ta'aziyya a Maraɗi, da ƙullin goro da kwanon cincin da jikoki biyu, kuma idan jami'i ya ce, “Hajiya, ina katinki?” sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ɗan nan, kai ɗan gidan wa ne?” Idan ya yi gangancin amsawa, to ya shiga hannu, domin cikin minti biyar za ta nuna masa cewa kakarsa ta wajen uwa da kishiyar yayarta 'yan ɗaki ɗaya ne, ta tambaye shi ko ya yi aure, ta kuma yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Idan kuwa jami'in daga wata jiha mai nisa aka turo shi, bai jin Hausa sosai, sai ta maimaita masa salsalar tun daga farko da murya mai ƙarfi. Takardar tafiyarta ita ce wannan salsala, wadda ba ta ƙarewa bayan shekara biyar, ba a kuma sabunta ta a Katsina. Abin lura ga mai nazari shi ne jiranta ya fi na kowa gajarta, kuma ba don an bi doka ba ne ko don an karya ta da gangan, sai don babu jami'in da yake da ƙarfin halin tsare uwar wani a rana alhali za a yanka rago da hantsi.

Direban babbar mota shi ne gwanin jira mai tsawo. Da zarar ya ga alamar abin ba na yau ba ne, yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, ya aiki karen mota ya samo gawayi, ya ɗaura igiyar shanya daga madubi zuwa bishiya, kuma kafin mako biyu ya san limamin unguwa da mai wanki da mai ba da bashi. Kalandarsa kayan da ya ɗauko ne, shi ya sa mai siminti yake iya yin dara har la'asar, mai albasa kuwa hancinsa ne yake gaya masa kwana nawa suka rage, mai dabbobi kuma kullum yana lissafin ciyawa da ruwa yana cirewa daga ribar ubangidansa. A rufewar 2023 irin wannan zama ya kai watanni, kuma a nan raha take ƙarewa, domin dukiyar mutane da yawa ta narke a bakin hanya, 'yan dako da masu lodi na Magama kuma suka rasa abin kai wa gida.

Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar al'amari, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, shi ne mai shayi. Shi da mai cajin waya da mai fotokwafi da ɗan canji, wanda yake juya naira da sefa, jira ne damunarsu, kuma da yake kuɗinsa ne a ciki, mai shayi ba ya wasa da hasashe: yawan ƙwan da ya saro da asuba shi ne ƙiyasi mafi inganci na tsawon layin ranar, ya fi na mai lissafi, ya fi na mai majiya nesa ba kusa ba. Mai tawakkali yakan zauna a bencinsa da carbi, yana cewa komai da lokacinsa, kuma iri biyu ne, akwai na asali, akwai kuma tsohon na-san-oga da kuɗin wayarsa ya ƙare. Can bayan rumfar kuma ɗan acaba ne, wakilin waɗanda ba sa jira sam, yana nuna ɓarauniyar hanya da haɓa; hanyar tana da sauri, amma a shekarun nan na 'yan bindiga farashinta ya wuce kuɗin mai.

Ba za a cika rabe-raben ba sai an sa jami'in da kansa, wanda jama'a suke ɗauka shi ne mai riƙe da ranar yana hana su. Sau da yawa shi ma ba shi da ita. Yana jiran umarni a rubuce daga hedikwata kafin ya ɗaga sanda, ko da rediyo ya riga ya shelanta buɗewa tun jiya. Yana jiran littattafan fasfo idan sun yanke. Yana jiran netwok, yana jiran man janareta, yana kuma jiran sauyin wurin aiki da aka yi masa alkawari tun bara. Da yake aikinsa bai ba shi damar cewa bai sani ba, sai ya ce a dawo gobe, kuma wannan goben ita ce abin cikonsa, wadda yake rabawa kyauta ga duk wanda ya zo. Akwai daga cikin jami'an masu sayar da ita, kamar yadda duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya ya ƙirga shingayenta zai iya shaidawa, amma wannan babi ne na daban.

Nau'i na baya-bayan nan bai daɗe da bayyana ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ƙasashen uku suka fito da fasfo na ƙawancensu na Sahel, ita kuma ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su kuma bar su su shiga ba biza, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa, ba tare da an faɗi lokacin ba. Wannan ya haifar da mutumin da takardunsa suka cika, sunansa ɗaya ne a kowace na'ura, iyaka a buɗe take, jami'i yana kan kujerarsa, netwok ma yana aiki, amma duk da haka ya tsaya a rumfar mai shayi yana tare masu dawowa daga Ɗan Isa, yana tambayarsu ko yau wace takarda aka nema a can. Abin da yake son sani shi ne ko ya ci gaba da riƙe takardar ECOWAS ɗinsa ko ya fitar da naira 100,000 ya nemi fasfo, ya koma Katsina ya zama mai lissafi, kuma da yake babu ofishin da yake amsa irin wannan tambaya, mai majiya ya riga ya matso kusa da shi a benci, ya rage murya, ya shaida masa cewa sanarwar tana kan teburin shugaban ƙasa, Litinin mai zuwa za a sa hannu.